Abu na Ukun da Kaka Ba Ta Faɗa Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar sadakar uku ta Kaka, abubuwa suka fara lalacewa. Na san lokacin ne domin Baba ya shigo cikin gida ɗaukar buta, ya duba agogon hannunsa ya ce la'asar ta yi. Bai rufe baki ba sai ga Goggo, yayarsa, ta fito daga ɗakin marigayiya rungume da wata babbar ƙwarya. Ta dire ta a tsakar gida, gaban mata masu zaman makoki. Cike take da ƙulle-ƙullen tsumma, da saiwoyi, da sassaƙe, da ƴan goruna masu toshiyar kara. Babu ko ɗaya mai alama.

"Ga abin da tsohuwa ta bari," in ji Goggo. "Wa ya san wanne ne maganin mi?"

Kwana uku matan nan suna yabon Kaka. Wata ta ce ita ta raya mata ƴaƴa biyar. Wata ta buɗe ƙafarta ta nuna tabon gyambo da ya warke a hannunta. Wata dattijuwa da ta zo daga Tebaram a kan jaƙi ta yi kuka har aka riƙe ta. Amma da aka ajiye ƙwaryar nan sai kowa ya koma kallon kowa.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta nuna ni da baki. "Ku tambayi ƴar lakwal, mai karatun boko. Damina biyu tana zaune gindin tsohuwa tana rubutu."

Ina can kusurwa ina wanke kwanonin sadaka. Idanu suka juyo kaina gaba ɗaya.

"Ashe shi ya sa hannun tsohuwa ya yi sanyi," in ji wata a hankali, amma kowa ya ji. "Abin da anka zuba cikin takarda ai ya bar mai shi."

"Ko lokotoron gidan likita ne ya aiko ta?" in ji wata. "Yaran lakwal duk abin da sunka ji sai sun kai."

Ban iya magana cikin mutane ba tun ina ƙarama. Goggo ta miƙo hannu, na shiga ɗaki na ɗauko kaye uku, littattafan rubutu na makaranta masu shuɗin bango, na ba ta.

Ina rubuta wannan ne domin a gari yanzu idan an ambaci Kaka, maganar kayen nan ake fara yi. Ba na so abin da za a riƙe ke nan game da ita. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya yi mata sanyi.

Kaka uwar Baba ce. Daga wani ƙauye kusa da Barmu aka auro ta zuwa garinmu Tawa, tun kafin a haifi yawancin masu zaman makokinta. Gajera ce, baƙa, yatsunta kullum da launin sassaƙe. Ba ta dariya da ƙarfi, sai dai kafaɗunta su yi ta motsi. Da rana tana ba da magani. Bayan magariba kuma, idan an ci tuwo, sai ta shimfiɗa tabarma ta yi wa jikoki tatsuniya.

Tatsuniyarta ba irin ta kowa ba ce. Labari ɗaya ne mai tsawo, wanda ba ya ƙarewa, na wata ƙasa da ita kaɗai ta sani: Ƙasar Ƙarƙashin Rijiya. Ta ce idan guga ya tsinke a rijiyoyinmu masu zurfi, ba ɓacewa yake yi ba. Mutanen can ƙasa ne suke karɓa, shi ya sa duk rufin ɗakunansu na fatar guga ne. Wata gurguwar yarinya mai jan ruwa ce ta faɗa tare da guganta, kuma ita muke bi gari gari.

Garuruwa bakwai ne a ƙasar, kowanne a gindin itace ɗaya. Akwai garin Sabara, da na Kalgo, da na Aduwa inda mutane suke da ɗaci a baki amma zaƙi a zuciya, da garin Tumfafiya wanda ba a auren ƴaƴansa domin nononsu yana makantarwa. Cututtuka a can mutane ne, suna zuwa cin kasuwa. Zazzaɓi dogo ne, yana yawo da bargo ko da bazara. Shawara mai rawayar ido ce, tana sayar da man shanu. Tari makaɗi ne da ba a gayyata. Ba a yaƙi da su, ba a korarsu. Idan ɗayansu ya sauka gidanka, baƙo ne, kuma abin kunya ne a kori baƙo. Sai dai ka dafa masa abincin da ya ƙi jini, ka ajiye masa da ladabi, har ya tattara kayansa da kansa. Abincin nan shi ne magani. Kuma kafin ka sassaƙi itace sai ka yi masa sallama, ka ɗebo gabas da yamma, kada ka zagaye shi, sannan ka shafa masa ƙasa a raunin.

Wannan na ƙarshe ba tatsuniya ba ne. Haka Kaka take yi idan mun fita daji da safe.

Na fara rubutawa ne domin ina tsoron in manta. A lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ƴan mata a ajinmu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma duk abin da muke karantawa da Faransanci ne, labarin ƙasashen da ake dusar ƙanƙara. Nakan zauna bayan sauran yara in saurara, da safe kafin lakwal in rubuta. Na zana taswirar ƙasar. Na jera sunayen garuruwa da nisan da ke tsakaninsu. Kaka ba ta taɓa yin kuskure ba. Idan ta ce kwana uku ne a jaƙi daga Sabara zuwa Kalgo, bayan shekara ma kwana uku ne. Bargon Zazzaɓi mai ratsin ja bai taɓa canza launi ba.

Shi ya sa abin da na lura da shi ya dame ni.

A tatsuniya, da Zazzaɓi ya sauka gidan wata mai jego, gurguwar yarinya ta dafa masa ganyen sabara da sassaƙen kalgo, ya gudu. Abu biyu. Amma da rana, da aka kawo wa Kaka mai jego ta gaske, na ga ta tafasa sabara da kalgo, sannan ta juya baya ta kwance wani ƙaramin ƙulli, ta ɗebo da farce ta zuba. Abu uku. Na koma kaye na yi wa wurin zobe da jan fensir. Bayan kwana kaɗan na sake ganin haka a maganin tari. Sai na ciwon ciki. Duk maganin da ke cikin tatsuniya, akwai abu ɗaya da ba ya ciki. Kafin ta rasu, jan zobe ashirin da bakwai ne a kayena. Ban rubuta komai a gefensu ba, zoben kawai. Ni kaɗai na san ma'anarsa.

Mutumin da bai manta launin bargo ba, ba zai manta saiwa ba. Na san da gangan take yi. Dalilin ne ban sani ba.

Kaka tana da wata doka da ta sa mutane da yawa suke ganin tana da taurin zuciya. Takan ce, "Magani ba ya bin wanda bai kira shi ba." Ko kana mutuwa a gabanta, sai ka buɗe baki ka roƙa, ko wani naka ya roƙa maka. A wurinta abin da aka bayar ba a tambaya ba, ba ya ci.

A kan dokar nan suka yi faɗa da Baba. Shi akawu ne a gidan gwamnati, yana sa taguwa da wando, kuma ya taɓa cewa a gaban abokansa saiwoyin tsohuwa aikin jahilci ne. Wata shekara shawara ta kama shi, idanunsa suka yi rawaya kamar ƙwaiduwa. Kaka ta dafa magani ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa, ta rufe da faifai, ta zauna tana kaɗi. Kwana uku tana dafa sabo tana zubar da na jiya. Inna, mahaifiyata, ta ce za ta roƙa masa.

"Bakinshi ya ɓace?" in ji Kaka. "Da wanne ya zagi saiwa?"

A rana ta huɗu muka ji muryarsa daga ciki, ƙasa ƙasa, yana kiran Kaka. "Inna, ki ba ni."

"Mi zan ba ka, Malam Akawu? Takarda?"

"Magani."

Ta miƙa masa, kafaɗunta suna motsi.

Amma na ga wata rana da aka kawo mata wata mata daga arewa, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, sai Tamashek. Ƙafarta ta kumbura, kuma ba ta da kowa. Kaka ta zaunar da ita, ta ba ta fura, sannan ta durƙusa a gabanta tana nuna bakinta. "Ki. Ba. Ni." Matar ta yi ta gwadawa tana kuskurewa, su biyun suna dariya, har ta faɗa daidai. Nan take Kaka ta tashi ta ɗora tukunya. Kwana goma matar ta yi a ɗakinta.

Kuma ba kowace cuta take karɓa ba. Wani lokaci ta taɓa cikin mutum, ta duba harshensa, sai ta ce, "Wanga ba nawa ba na. Ku tahi gidan likita, yau, ba gobe ba." Wannan ma babu shi a tatsuniya. A ƙarƙashin rijiya babu gidan likita.

Idan ta gama labarin kowace rana, kafin ta kore mu, takan ce, "Akwai mai tambaya?" Yara su yi ta tambayar ko Tari yana da mata, ko mutanen Tumfafiya suna cin tuwo. Sai ta leƙo ta kan su ta dube ni. "Mai alƙalami fa? Babu tambaya?"

In girgiza kai, in sunkuyar da fuska. Tambayar tana bakina kullum. Amma yaya jika za ta ce wa kakarta, na ga kina ɓoye abu?

Bayan sadakar uku Goggo ta sa Baba ya karanta mata kayen. Ba muguwa ba ce Goggo. Tun tana yarinya take ɗaukar wa Kaka kwando zuwa daji, kuma ta ɗauka sana'ar nan gadonta ce. Baba ya zauna a kan kujera yana karantawa ba da son ransa ba, ita kuma tana riƙewa da ka. Da ya zo kan sabara da kalgo sai ya tsaya.

"Mi wanga jan zobe ke nufi?"

Ina tsaye a bakin ƙofa. Goggo ta juyo ta dube ni, irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka kama da kaya.

"Ba komai," na ce.

Wannan ita ce ƙaryar da na yi, kuma ba zan ɗora wa kowa ita ba. Idan na faɗi gaskiya, na ce Kaka tana rage magani da gangan, kwana uku kacal bayan an binne ta. Na zaɓi shiru.

Mako biyu bayan haka matar mahaucin da ke bayan gidanmu ta haihu, zazzaɓi ya rufe ta. Uwar mijinta ta zo ta roƙi Goggo. Goggo ta tafasa sabara da kalgo, daidai yadda yake a kaye, ta yi wa itatuwan sallama ma. Kwana uku ana ba matar. A rana ta huɗu ta daina gane jaririnta, mijin ya ɗora ta a amalanke ya tura ta gidan likita. Ta rayu. Amma lokotoro ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da sai dai a nemi mai shayar da ɗan.

Daga nan gari ya rabu biyu a kan zargi. Wasu suka ce ni ce na rubuta ƙarya da gangan, na ɓoye na gaskiya a wani kaye, zan sayar wa Nasara. Goggo ta bincike ɗakinmu, ta zazzage akwatina, ta farke matashin kaina. Wasu kuma, kuma wannan ya fi mini ciwo, suka fara cewa ai dama tsohuwa ba ta da komai, ganye ne da baki mai daɗi, waɗanda suka warke kwanansu ne bai ƙare ba. Matar nan da ta nuna tabon gyambo, na ji ta a rijiya tana cewa ita ma dama tana shakka.

Goggo ta ɗaure kayen da igiya ta rataye a ɗakinta. Ta ce ranar arba'in, bayan an watse, za a ƙone su, sai dai in na fito da na gaskiya.

Baba ya kira ni wata safiya kafin ya tafi aiki. "Ɗiyata, ni na san ba kya kuskuren rubutu. Ke kinka canza, ko haka ta hwaɗa?"

Na dubi takalmansa. Idan na ce haka ta faɗa, na wanke kaina na bar ta ga masu cewa maƙaryaciya ce. Idan na ce ni na canza, an ƙone duk abin da ya rage nata a duniya, garuruwa bakwai da rufin guga. Ya jira, ya duba agogo, ya fita.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ma na fara zarginta. Nakan yi tunanin ko rowa ce. Ko tana tsoron wata ta koya ta raba ta da mutanenta. Ko kuma ƙullin nan na uku toka ce kawai, tana zubawa don a ga akwai asiri. Na tuna yadda take juya baya. Mai gaskiya yana juya baya?

Ana gobe arba'in ƙanwar Kaka ta iso daga Barmu a motar kasuwa. Ba ta samu zuwa jana'iza ba saboda ciwon ƙafa. Kamarsu ɗaya, sai dai ita doguwa ce kuma ba ta gani sosai. Mu jikoki muna kiranta Kaka Ƙarama.

Da aka watse washegari, da hantsi, Goggo ta fito da kayen ta ajiye kusa da murhu. Ta zayyana wa tsohuwar komai: ƙwarya, rubutu, matar mahauci. Kaka Ƙarama ta saurara tana tauna goro.

"Karanta mini wurin," ta ce wa Baba.

Ya karanta. Sabara da kalgo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai wani jan zobe."

"Wa ya yi zoben?"

"Ni," na ce. "Akwai abu na uku. Duk inda na yi zobe, akwai abin da ba ta faɗa ba."

Goggo ta miƙe tsaye. "Kin sani kika yi shiru?"

"Zauna," in ji Kaka Ƙarama. "Yarinya ta rubuta abin da ta jiya. Yayata ba ta taɓa sa cikakken magani cikin tatsuniya ba. Kowanne sai ta cire mishi haƙori. Wanda ke ciki, ko ka sha tulu guda, ba ya warkarwa, ba ya kashewa."

"Don mi?" in ji Baba.

Tsohuwar ta tofar da goro. "Muna da ƙanwa, ba ku san ta ba. Uwarmu mai magani ce, tana hwaɗin komai gaban yara. Wata rana muna wasan ƴar tsana, yayata ta zama mai magani, ta hwaɗa ma ƙanwarmu maganin ciwon ciki, duka, har da saiwar da ake aunawa da farce. Bayan kwana biyu cikin yarinyar ya yi ciwo muna gona. Ta je ta tono da kanta. Ba ta san awo ba. Shekararta shida." Ta gyara ƙafarta mai ciwo. "Yara na gwada abin da sunka jiya. Yayata ta sani."

Goggo ta koma ta zauna a hankali.

"Ke kuma," in ji tsohuwar, ta juya inda take jin numfashin Goggo, "shekara nawa kina ɗaukar mata kwando, kin taɓa cewa ta koya miki? Kina jira ya hwaɗo miki kamar gado. Ku ba yarinya takardunta. Tatsuniya ce. Wa ya taɓa shan tatsuniya?"

Baba ya kwance igiyar da kansa ya miƙo mini. Ƙwaryar kuwa, da aka tambayi Kaka Ƙarama ko ta san ƙulle-ƙullen, ta ce tun ranar da ƙanwarsu ta mutu ba ta sake taɓa saiwa ba. Ta sa aka haƙa rami a gindin sabarar bayan gida aka binne su duka, ƙulli da gora.

Da la'asar na same ta ita kaɗai a kan tabarmar Kaka, tana miƙe da ƙafarta mai ciwo. Na durƙusa. Na daɗe ina juya kayen a hannuna kafin bakina ya buɗe.

"Kaka Ƙarama, ni ba ƙaramar yarinya ba ce. Ta san ba zan je in tono saiwa ba. Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Bara da ta zo Barmu ta ce mini, akwai jikata guda da ta gane. Ina ganinta tana kallon hannuna, tana zuwa tana jan layi da jan abu. Ranar da ta buɗe baki ta tambaya, zan ba ta duka, har da awo. Damina biyu tana jiranki, ɗiyata. Kullum sai ta ce akwai mai tambaya."